Rubutun wani ɗalibina a kan gidan mari da littafin da aka ƙaryata a Ailan: da me ake auna gaskiyar irin wannan labari?

Malamar Adabi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar malamai da masana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙon a dube shi da natsuwa, domin magana ce da ta shafi mutuncin mutane ta kowane ɓangare.

Wani saurayi da na taɓa koyarwa ya kawo mini labarin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa a littattafan rubutu na 'yan makaranta, kuma mafi yawan labarin a kan zaman da ya yi ne a wani gidan mari tun yana yaro. Iyayensa ne suka kai shi da kansu saboda gudun makaranta da kuma zargin ya fara shaye-shaye. Ya bayyana yadda aka sa masa mari a ƙafa, da yadda ake cunkusa su a ɗaki guda marar taga, da dukan da ake yi musu kafin a fara karatun asuba, da kuma wani abu mafi muni wanda ya ce ɗaya daga cikin manyan da ke tsaronsu ya riƙa yi masa da dare. Ya kama sunan malamin, ya kama sunan garin. Abin da yake so shi ne in gyara masa rubutun, in kuma taimaka masa a buga shi littafi.

Da na karanta, zuciyata ta gaskata shi, amma na ga wuraren da labarin bai haɗu ba. A wani babi ya ce yana da shekara goma sha ɗaya aka kai shi, a wani kuma ya ce goma sha uku. Yawan azumin da ya ce ya yi a gidan bai dace da shekarun da na san ya yi a makarantarmu ba. Mahaifinsa kuma, da labarin rubutun ya kai kunnensa, ya aiko a gaya mini cewa yaron maƙaryaci ne tun yana ƙarami, kuma malamin nan alheri kawai ya yi musu.

Abin da ya ƙara mini tsoro shi ne labarin wani littafi na ƙasar Ailan mai suna Kathy's Story, wanda wata mata, Kathy O'Beirne, ta fitar a 2005. A ciki ta ce mahaifinta ya azabtar da ita, ta ce an tsare ta a gidajen da cocin Katolika ke gudanarwa, ciki har da gidan wanki na mata masu zaman zuhudu, inda ake tsare mata ana sa su aikin wanki, ta kuma ce an yi mata fyaɗe har ta haihu tana da shekara goma sha uku. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai a Ailan da Birtaniya. A shekarar da ta biyo baya 'yan'uwanta na jini suka fito gaban 'yan jarida suka ce labarin ba gaskiya ba ne.

To, shin saɓani a shekaru da lokuta ya isa ya rusa irin wannan labari? Shin musun dangi hujja ne? Idan na taimaka aka buga alhali akwai ƙari a ciki, na zalunci mutumin da aka kama sunansa. Idan kuma na ƙi alhali gaskiya ce, na shiga sahun waɗanda suka toshe wa yaron baki.

Malamin Tarihi, Gusau

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki ɗauki mataki. Zan ɗan tsawaita a kan batun Ailan, saboda ina ganin tsoron da ya ba ki ya fi ƙarfin abin da yake koyarwa.

Abin da aka yi jayayya a kansa a littafin O'Beirne ba ƙananan abubuwa ba ne irin shekara goma sha ɗaya ko sha uku. Ƙashin bayan labarin aka taɓa. Ƙungiyar mata masu zaman zuhudu da ke riƙe da gidan wankin ta ce matar ba ta taɓa zama a gidajen wankinsu ba. 'Yan'uwanta ba su musa cewa ta zauna a gidan kula da yara da asibitin masu taɓin hankali ba, amma sun musa zaman gidan wankin, sun musa haihuwar, sun kuma musa abin da ta faɗa a kan mahaifinsu. A 2007 wani ɗan jarida, Hermann Kelly, ya fitar da littafi guda yana bin diddigin labarin yana warware shi. Ita kuma ta tsaya a kan maganarta. Ni dai a matsayina na mai koyar da tarihi ba zan kafa hujja da wannan littafi a aji ba, domin tambayar farko, wato shin ta zauna a wurin ko ba ta zauna ba, ita ce ba ta samu amsar da hankali zai kwanta da ita ba.

Amma a duba abin da ya biyo baya. Tun a 1999 firaministan ƙasar, Bertie Ahern, ya nemi gafarar waɗanda aka zalunta suna yara a irin waɗannan gidaje, aka kafa hukumar bincike. Ranar 20 ga Mayu, 2009, hukumar, a ƙarƙashin alƙali Sean Ryan, ta fitar da rahotonta mai kundi biyar, bayan ta saurari shaidu sama da dubu. Rahoton ya tabbatar da cewa duka da tsoratarwa su ne tsarin yau da kullum a makarantun horon yara da ƙungiyoyin coci ke gudanarwa, cewa lalata da yara maza ta zama ruwan dare a makarantun maza, kuma cewa ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta riƙa jin nauyin shugabannin addini maimakon ta sa ido a kansu. A 2013 wani kwamiti a ƙarƙashin Martin McAleese ya gano cewa mata kimanin 10,000 ne suka shiga gidajen wankin nan tsakanin 1922 da 1996, shekarar da aka rufe na ƙarshe, suna aiki ba albashi, kuma hukuma na da hannu wajen tura wani kaso daga cikinsu. A watan Fabrairu na shekarar firaminista Enda Kenny ya nemi gafararsu a majalisa. Saboda haka shakkar da ke kan littafi guda ba ta rage komai daga abin da ya faru da dubban yara ba, kamar yadda abin da ya faru da dubban yara bai mayar da littafin nan gaskiya ba. Mutanen da suka fi jin zafin rigimar su ne waɗanda aka zalunta da gaske, domin masu neman a rufe maganar sun samu abin nunawa.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa domin adalci ga ɗaya ɓangaren. Takardun gidan da ake zargi ba su ne ƙarshen magana ba. A 1993 wannan ƙungiya ta mata masu zaman zuhudu ta sayar da wani fili a High Park, cikin birnin Dablin, kuma da aka tono kaburburan da ke wurin an samu gawa 155, adadin da ya wuce wanda aka nemi izinin tonowa da farko, wasu kuma ba a samu takardar shaidar mutuwarsu ba. Gidan da lissafin matattunsa bai cika ba, ba za a ce rajistar rayayyunsa ba ta da giɓi ba. Shi ya sa mai bincike ba ya tsayawa a kan takarda ɗaya, ko ta mai zargi ko ta wanda ake zargi.

Misalai biyu za su nuna miki iyakokin al'amarin. A 1995 wani mutum da ya kira kansa Binjamin Wilkomirski ya fitar da littafi yana cewa shi yaro ne Bayahude da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, har aka ba shi kyaututtuka. A 1998 wani ɗan jarida ya bankaɗo cewa an haife shi ne a Suwizalan a 1941, a can ya tashi, bai taɓa zama fursuna a sansanin ba. Wannan ƙirƙira ce tun daga tushe. A ɗaya gefen akwai Rigoberta Menchu ta ƙasar Gwatemala, wadda ta samu kyautar Nobel a 1992. A 1999 wani masani, David Stoll, ya nuna cewa a littafin tarihin rayuwarta ta ba da labarin wasu abubuwa kamar a gabanta aka yi su alhali ba ta wurin, kuma ta yi karatu fiye da yadda ta faɗa. Amma an kashe mahaifinta da mahaifiyarta da ɗan'uwanta da gaske, kuma hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum kusan 200,000 aka kashe ko suka ɓace a yaƙin basasar ƙasar. Littafinta yana da kurakurai da ƙari, amma tushensa yana nan.

Rubutun ɗalibinki, bisa abin da kika faɗa, bai yi kama da na farkon ba. Ki lura da saƙon mahaifinsa. Da ya ce malamin alheri ya yi musu, ai ya tabbatar da bakinsa cewa yaron ya zauna a gidan, kuma shi ya kai shi. Tambayar da ta gagara a Ailan ta riga ta samu amsa a nan daga wanda yake musun labarin. Abin da ya rage shi ne abin da ya faru a cikin gidan, kuma hanyarsa ita ce a nemo wasu da suka zauna a wurin a lokaci guda, a ji daga bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an karanta musu rubutun ba.

Malamin Zaure, Gwandu

Assalamu alaikum. Malama, Allah ya ƙara miki tsoronsa. Dakta, na amfana da bayaninka, sai dai ina so in tuna mana cewa ba sai mun je Turai ba kafin mu samu ma'aunin labari, domin malaman hadisi sun shafe ƙarnoni a kan wannan aiki.

Allah ya umarce mu a aya ta 6 ta Suratul Hujurat da mu nemi tabbaci kafin mu yi aiki da labari, don kada mu cutar da wasu mutane a kan rashin sani mu wayi gari muna nadama. Malaman hadisi kuma suna duba abu biyu a kan mai ba da labari, wato adalarsa da kuma kiyayewarsa, kuma ba su taɓa haɗa maƙaryaci da mai mantuwa a matsayi ɗaya ba. Wanda aka kama yana ƙirƙira, ana watsar da ruwayarsa gaba ɗaya. Wanda kuwa mai gaskiya ne amma yana rikita lokaci ko adadi, ba a watsar da shi, ana ajiye ruwayarsa ne a nemo wata hanya da za ta ƙarfafa ta. Yaron da ya rikita shekarunsa yana cikin kashi na biyu har sai an kama shi da ƙirƙira. Shaidu sama da dubu da Dakta ya ambata kuwa, waɗanda suka fito daga gidaje daban-daban da zamuna daban-daban, sun kai adadin da hankali ba zai yarda sun haɗa baki a kan ƙarya ba.

Inda nake da ja shi ne kama suna a littafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Sayyidina Aliyu da zai tura shi Yaman cewa kada ya yanke hukunci sai ya ji daga ɗaya ɓangaren kamar yadda ya ji daga na farko. Littafi hukunci ne da ake yankewa a gaban jama'a, kuma wanda aka kama sunansa ba shi da shafin da zai kare kansa a ciki. Zargin lalata ba ƙaramin abu ba ne a shari'a, kuma idan ya fita ba ya dawowa.

Ina kuma roƙon a bambanta gidan mari da tsangaya da makarantar allo. Mu da muka tashi a gaban allo mun san alarammomi da suka ciyar da almajirai daga gonarsu, suka yi jinyarsu, suka aurar da su. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, akwai masu jira su ce ga abin da karatun Alƙur'ani yake haifarwa, alhali wake ɗaya ne ke ɓata gari. Wannan ba yana nufin a rufe ba ne. Abin da 'yan sanda suka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, da abin da aka gano a Daura a watan da ya biyo, abin kunya ne a kanmu mu malamai kafin kowa, domin da sunan addini aka yi shi kuma a cikin unguwanni aka yi shi, maƙwabta suna ji. Babu littafin fiƙihun da ya halatta wannan. Ya tabbata a Buhari cewa ba a yi wa mutum bulala sama da goma sai a haddi daga haddodin Allah. Ibnu Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya na Ƙairawan, ya taƙaita dukan mai koyarwa ƙwarai a littafinsa na ladubban malamai, Ibnu Khaldun kuma ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, tana koya musu ƙarya da yaudara saboda tsoro. Idan har mahaifin ya ce yaron maƙaryaci ne, sai a tambaya a ina ya koya.

Ma'aikaciyar Jinya, Ƙauran Namoda

Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin maganarka, musamman da ka ce kunyar a kan malamai take kafin kowa. Amma ina neman izini in ce wani abu a kan shaida. Abin da ake yi wa yaro da dare a ɗakin da aka kulle, ba a yin sa a gaban shaidu, kuma mai yin sa ya san da haka. Idan muka ce ba za a saurari yaro ba sai ya kawo waɗanda suka gani, mun ba mai laifin kariyar da yake nema.

Yaya Malama, game da shekaru, kada wannan ya dame ki. A asibiti kullum muna tambayar uwa shekarun ɗanta ta ce a shekarar ambaliya aka haife shi ko a shekarar da aka yi zaɓe, domin yara da yawa a garuruwanmu ba su da takardar haihuwa. Yaron da aka kulle kuma, ba ya zuwa kasuwa, ba ya ganin damina da rani yadda na waje ke gani, kwanakinsa duk iri ɗaya ne, saboda haka wata shida na iya zame masa shekara biyu a tunaninsa. Irin waɗannan yara sukan riƙe warin ɗakin da sautin buɗe ƙofa da kalmomin da aka faɗa musu daram, amma su rikita wane ne ya riga wane. Labarin da ya zo a tsare ba saɓani ko ɗaya, shi ne ma ni yake sa ni tunanin an yi ta maimaita shi ko an gyara shi.

Duk da haka akwai haɗarin da nake so ki kiyaye. Masana halayyar ɗan'adam, irin su Elizabeth Loftus ta Amurka, sun nuna da gwaji cewa ana iya sa mutum ya tuna abin da bai faru da shi ba idan aka yi ta maimaita masa shi ta bakin wanda ya yarda da shi. Ke malamarsa ce, yana ganin girmanki, kuma yana son ki gaskata shi. Kada ki tambaye shi ko an yi masa kaza. Ki ce masa ya gaya miki abin da ya faru, ki yi shiru. Kada kuma ki ba shi littattafan wasu ya karanta kafin ya gama nasa.

Musun mahaifi kuwa, ni ban ɗauke shi hujja ba, ban kuma ɗauke shi mugunta ba. Mutumin da ya ɗauki ɗansa da hannunsa, ya biya kuɗi, ya miƙa shi, idan ya yarda da labarin to ya yarda cewa shi ya kai shi inda aka lalata masa rayuwa, kuma ba kowane uba ne zai iya ɗaukar wannan ba. Sau da yawa iyayen ba su da wata hanya. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, alhali wuraren jinyar irin wannan matsala kaɗan ne, kuma mu a nan sai dai mu tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Gidan mari ya samu kasuwa ne a wannan giɓi.

Mu a Zamfara mun san tsadar kama suna. A shekarar 2000 wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da ta yi ciki bulala 100, ta kuma ƙara mata 80 saboda ta ambaci maza uku ta kasa kawo shaidu a kansu. Daga baya an janye tamanin ɗin, aka yi mata ɗarin a watan Janairu na 2001. Duk yarinya ko yaro da ya ji wannan labari ya fahimci cewa shiru ya fi sauƙi. Saboda haka wanda ya iya ɗaukar alƙalami ya rubuta irin wannan abu a kan kansa, a garin da kowa ya san gidansu, ya riga ya san abin da zai jawo masa wajen aure da zaman majalisa. Kafin maganar ɗab'i, ki kai shi wurin likita. Mari yana barin tabo a idon sawu, bulala tana barin nata a baya, likita zai iya rubuta abin da ya gani, kuma yaron yana buƙatar wanda zai saurare shi ko da ba a taɓa buga littafin ba.

Lauya, Argungu

Malama, littafi daban, ƙara daban, kuma kowanne yana da wurinsa. Idan gidan nan yana nan yana karɓar yara, ko mutumin da ya yi masa wannan abu yana tare da yara a wani wuri, to abin da ke gabanki ba gyaran rubutu ba ne, kai rahoto ne ga 'yan sanda ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da yardar saurayin. A can ne ake kama suna, domin a can ne wanda ake zargi yake da damar kare kansa, kuma wannan ya amsa damuwar Malam na Gwandu ba tare da an toshe bakin kowa ba.

A littafi kuwa shawarata ita ce a cire sunan malamin da na garin da duk abin da zai nuna su. Ɓata suna laifi ne a dokar laifuka ta Arewa, ana kuma iya neman diyya a kansa, kuma ƙarar tana iya hawa kan marubuci da mai gyara da maɗaba'a baki ɗaya. Cire suna ba ya rage darajar shaida. Shi kansa rahoton Ryan da Dakta ya ambata da sunayen aro ya fito, bayan ƙungiyar Christian Brothers, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin cocin da suka gudanar da makarantun, ta kai ƙara kotu a 2004 don kada a bayyana sunayen mutanenta. Waɗanda aka zalunta sun ji zafin haka, kuma suna da gaskiya, amma rahoton ya girgiza ƙasar duk da hakan.

Abu mafi muhimmanci da zan roƙe ki shi ne kada ki taɓa littattafan da ya rubuta da hannunsa. Ki ɗauki hotonsu shafi-shafi, ki ajiye na asalin yadda suke, ki yi gyaranki a kwafi. Littafin O'Beirne tare da wani ɗan jarida aka rubuta shi, kuma duk inda hannu biyu suka shiga rubutu, idan rigima ta tashi yana da wuya a gane wane ne ya ce me. Inda kika ga saɓani kada ki zaɓar masa ɗaya ki share ɗayan a ɓoye. Ki nuna masa, idan bai tabbatar ba ya rubuta cewa bai tabbatar ba, a kuma sa bayani a farkon littafin cewa an canza sunaye kuma shekarun ƙiyasi ne. Abin da ya ji daga bakin wasu yara ya rubuta shi a matsayin abin da ya ji, kada ya mayar da shi abin da ya gani, domin a nan ne aka kama littafin Menchu.

Malamar Adabi, Birnin Kebbi

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na zauna da shi, na tambaye shi ko gidan yana nan. Ya ce an rufe shi a lokacin da aka yi ta rufe irinsa, amma ya ji cewa mutumin da ya yi masa wannan abu yana wani gari tare da yara. Ya yarda a cire sunaye daga littafin, ya kuma yarda mu je wurin likita. Maganar kai rahoto ce ya nemi in ba shi lokaci, saboda tsoron abin da zai biyo baya a gidansu. Ya ba ni sunayen wasu da suka zauna tare, kuma zan bi shawarar Dakta in sa wani daban ya ji daga gare su, wanda bai karanta rubutun ba.

Barista, ina so in san ko ni zan iya kai rahoton a kan yaran da ke hannun mutumin yanzu ba tare da na ambaci ɗalibina ba. Allah ya gafarta Malam, kai kuma ina neman shawararka a kan mahaifin. Ba na so ya fara jin abin da ke cikin littafin daga bakin mutanen gari, kuma na san maganar mace malamar boko ba za ta shige shi ba kamar ta malami irinka. Ta wace hanya ake bi a zaunar da uba a gaya masa irin wannan magana, kuma wa ya kamata ya kasance a wurin?